Idan Na'ura Ta Duba Ƙoda, A Wuyan Wa Amana Take?

 

A kowace ƙodar ɗan Adam Allah Ya halicci ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, masu tace jini dare da rana. Idan ciwo ya rikitar da likita, yakan tsinko ɗan naman ƙodar da siririyar allura, a yanka shi siriri, a rina, a duba da madubin ƙara girma. Wannan dubawa sai gwanin da ya yi shekaru yana koyo, kuma irinsu kaɗan ne a ƙasarmu. Majinyaci daga ƙauyukan Tasawa ko Mayahi yakan bi Maraɗi, daga can a tura shi Damagaram ko Yamai, guzuri ya ƙare kafin a gane abin da ke damunsa.

Yanzu masana sun koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa wani sashe na aikin. Ana nuna mata hotuna masu yawa da gwanaye suka yi wa alama, har ta iya rarrabe matata mai rai da wadda ta mutu. A 2019 masu bincike na Jami'ar Radboud da ke Holan suka nuna haka. Wannan ni'ima ce, kuma neman magani ba ya warware tawakkali.

To amma ga tambaya: idan na'ura ta yi kuskure, aka ba uban gida maganin da ba nasa ba har ƙodarsa ta lalace, wa zai amsa gaban Allah?

Mu dai a ganinmu, na'ura ba mukallafi ba ce. Ba ta da niyya, ba ta tsoron hisabi. Matsayinta kamar na mudu ne a kasuwa: idan aka yi tauye, ba mudu ake tuhuma ba, mai awo ake tuhuma. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, to lamuni yana kansa. Saboda haka likitan da ya sa hannu a kan abin da na'ura ta faɗa, alhali ba zai iya tantance shi ba, ya ɗora wa kansa nauyi.

Sa'annan na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata. Idan da naman Turawa ta yi karatu, mai yiwuwa ta kasa gane ɓarnar da amosanin jini ke yi wa ƙoda. Haka kuma a 2010 aka gano wani nau'i na gadon jini mai suna APOL1, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana kuma ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Wajibi ne a jarraba ta a kan cututtukanmu kafin a amince mata.

Mu ma akwai namu nauyin. Ilimin likitanci farali ne na kifaya: idan al'umma ta rasa mai shi, duka ta yi laifi. Mu tura 'ya'yanmu maza da mata su koyo shi, mawadatanmu su ɗauki nauyinsu. Mu riƙa auna hawan jini da ciwon sukari, mu guji ƙwayoyin 'yan talla.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu riƙe amana. Amin.