Mutuwar Wani, Hajar Wani?

A wata tafiya da na yi Dakar don samun horo kan aikin rediyo, na tsaya wurin wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai kusa da kasuwar Sandaga. Cikin kayansa akwai shafukan tsofaffin jaridu a leda, duk na labarin teku: ƙaddamar da sabon jirgi, tallan jiragen da ke zuwa Marsai, buɗe sabuwar tasha. Ni ɗan Damagaram ne, teku sai dai labari, don haka na tsuguna ina dubawa. Can ƙasa na ci karo da shafin farko na wata jarida ta ƙarshen Satumban 2002, mai ɗauke da labarin nutsewar jirgin Joola. Na tambayi kuɗi, ya ce jaka goma. Sauran shafukan jaka ɗai-ɗai ne. Na ce, "Baba, me ya sa wannan ta fi tsada?" Ya ce, "Ɗana, wannan mutane da yawa suka mutu a cikinta."

Wannan amsa ta hana ni barci. Joola ya taso daga Ziginshor zuwa Dakar, ya kife a gaɓar Gambiya daren 26 ga Satumba, 2002. An ƙera shi don mutum ƙasa da 600, amma ya ɗauko kusan 2,000. Gwamnati ta ƙirga mamata 1,863, mutum 64 kacal suka tsira. Wato ya fi Titanic cin rai, wanda ya halaka mutum sama da 1,500 a 1912. Ashe yawan gawa ne ya yanka wa takardar nan farashi?

Da farko na ga laifin dattijon. Da na nutsu, sai na ga yatsan da na nuna masa ni yake nunawa. Mu 'yan jarida mu muka fara sayar da labarin. Ranar da masifa ta auku jarida ta fi ƙarewa da wuri, ranar kuma aka fi kunna rediyo. In cin abinci da labarin mutuwa laifi ne, albashina ma sai an bincika.

Kuma shi dattijon ya yi abin da da yawanmu ba mu yi ba: ya adana. A garinmu tsohuwar jarida ƙarshenta naɗe ƙosai ko tsire. Takardar jarida ba ta da ƙarko, zafi da gara da damina suna cinye ta. In ba don wani ya hango riba ba, da shafin nan ya daɗe da zama toka. Wani lokaci shafin kan riƙe har kurenmu: wasu jaridun Amurka sun fara buga cewa an ceci kowa a Titanic, kuma shafukan da suka rage su ne shaida a kanmu har gobe.

To ina iyakar take? Ni dai na ga wurare biyu. Na farko, yanka. Wanda ya tsinci jarida a bola ya adana ta daban yake da wanda ya sa reza ya fige shafi daga kundin ɗakin karatu. Na farkon ya ceci tarihi, na biyun ya sace na jama'a ya sayar wa mutum ɗaya. Na biyu, masu makoki. Wadda ta rage ta ƙarshe cikin waɗanda suka tsira daga Titanic, Millvina Dean, ta rasu a 2009. Amma iyayen ɗaliban da Joola ya tafi da su suna nan da ransu, jirgin kuma yana ƙarƙashin ruwa da gawarwaki a cikinsa. Abin da wani zai rataya a falo don ado, wata uwa ranar da ɗanta bai dawo ba ce.

Washegari na koma na biya jaka goman ban yi ciniki ba, don na ji kunyar neman ragi a kan mutum 1,863. Ban sa ta a gilashi ba, kuma ba zan sayar ba. Tana cikin akwatina a gidan rediyo, duk 26 ga Satumba nakan fito da ita in karanta wa masu sauraro, mu yi musu addu'a. Har yau ina tambayar kaina ko fansar ta na yi, ko kuwa ƙara wa irinta kuɗi na yi a kasuwa. Allah Ya jiƙansu.