Dattijo Mai Saurare Ko Dattijo Mai Koyarwa?

Maganarmu ta wannan mako a kan wata al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai, watau ƙungiyoyin da waɗanda suka yi ritaya ke kafawa, su riƙa haɗuwa mako-mako ko wata-wata, a gayyato baƙo ya yi musu lacca, sa'an nan a ci abinci tare, wani lokaci a fita ziyara. Tambayar da za mu duba ita ce: mutumin da ya ajiye aiki, sauran kwanakinsa nasa ne shi kaɗai, ko kuwa da sauran hakkin jama'a a wuyansa?

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1966, a garin Caterham na ƙasar Ingila, 'yan ƙungiyar Rotary suka kafa wa ma'aikata da 'yan kasuwa da suka yi ritaya wani kulob mai suna Probus, wanda daga baya ya bazu har Australiya da Kanada. A 1973 kuma wani malamin jami'a, Pierre Vellas, ya buɗe wa tsofaffi ƙofar jami'ar Toulouse ta Faransa, aka kira shirin Jami'ar Zango na Uku, domin kuwa sun ɗauki ƙuruciya zango na farko, shekarun aiki da renon iyali na biyu, abin da ya biyo baya na uku. A Faransa malaman jami'a ne ke karantarwa, tsofaffi na saurare. Da shirin ya ƙetara Ingila a 1982, sai Peter Laslett da Michael Young da Eric Midwinter suka sāke masa fasali, suka ce tsofaffin su koyar da junansu, ba jarrabawa, ba takardar shaida. A kan wannan bambanci ne maganarmu za ta tsaya.

Babu shakka ko da saurare kaɗai ake yi akwai alheri a ciki. Aiki yakan ba mutum wurin zuwa da safe, da mutanen da za su tambaya in ba su gan shi ba. Ranar da ya ajiye shi, duka biyu sukan kau a lokaci guda, kaɗaici ya shigo. Abin ya kai har gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa wata minista alhakin kula da matsalar kaɗaici a 2018. Saboda haka ranar taro guda a mako, wadda mutum zai yi wanka ya sa rigarsa dominta, magani ce babba. Gemu ba ya hana ilmi. Shi kansa ma'aunin mako-mako akwai hikima a cikinsa, domin ya zo a Sahihul Bukhari cewa Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, ranar Alhamis yake yi wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya mai da shi kullum sai ya ƙi, don gudun kada su ƙosa.

Amma fa akwai abin tsoro idan aka mai da dattijo mai saurare har abada. Ku dubi wanda ke zaune a irin wannan taro: ga ungozoma da ta yi shekara talatin a ɗakin haihuwa, ga alƙalin da ya san yadda ake kashe wutar rigimar gado, ga malamin gona da ya san ƙasa kamar tafin hannunsa. Kowane mako a kawo musu baƙo, su tafa, su watse, alhali kuwa abin da ke cikin ƙirjinsu ba a rubuce yake a ko'ina ba. Ilmi amana ne, wanda kuma ya shiga kabari da amanar da ya iya sauke ta, labudda an yi hasara, shi da jama'a baki ɗaya.

Wani zai ce, ai mutumin nan ya gaji, a ƙyale shi ya huta. Gaskiya ne, hutu hakkinsa ne, wanda ciwo ko rauni ya kwantar kuwa babu mai ɗora masa nauyi. Sai dai fansho sakamakon aikin ofis ne, bai goge hakkin maƙwabci da na ƙarami a kan babba ba. Bugu da ƙari, shi kansa dattijon ne ya fi kowa amfana. Wanda kullum ba shi ake yi, sannu a hankali yakan ji kamar ya zama kaya, wanda kuwa ake jiran abin da zai faɗi ran Laraba, mutuncinsa na nan a tsaye.

To, ina ruwanmu da wannan? A Nijeriya yawancin ma'aikatan gwamnati sukan yi ritaya ne da cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, da yawansu da sauran ƙarfinsu. Muna kuma da majalisu a ƙofar gidaje bayan La'asar, waɗanda ba sai an biya kuɗin shiga ba, illa dai sau da yawa hirar takan ƙare a siyasa da cin naman mutane. Me zai hana a keɓe yini guda a mako, ɗaya daga cikin dattawan ya yi bayanin abin da ya ƙware a kai, a shimfiɗa wa samari tabarma su ji? Kada a taƙaita ga 'yan fansho. Maƙeri da manomi su ma a ba su fili, iyayenmu mata su yi nasu a cikin gida. In an gayyato likita ko malami daga waje, madalla, amma a mako mai zuwa magana ta komo hannun masu majalisa.

Allah Ya sa tsufanmu ya zama mai amfani, Ya sa mu gama lafiya. Amin.