Barikin Damagaram da Iyakar Biyayya

Duk wanda ya san Damagaram ya san tsohon barikin soja da Faransawa suka gina a kan tudun duwatsu kusa da Birni. A 1899 suka kafa shi, suka sa masa sunan Kyaftin Kazmaju, hafsan da aka kashe a garin ranar 5 ga Mayu 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Sunan Bature ne a kan ginin, amma mafi yawan waɗanda suka kwana a ciki, suka yi gadi, suka saɓa bindiga suka fita yaƙi, baƙaƙen fata ne irinmu. Shi ya sa nake son mu dubi wata tambaya mai nauyi: sojan da aka ba umarni ya yi ɓarna, kuma ya yi, ina matsayinsa? Azzalumi ne, ko shi ma wanda aka zalunta ne?

Mu fara da sanin su wane ne suka zauna a barikin. Na farko su ne ragowar rundunar Vule da Shanwan, wadda ta taso daga yamma ta ratsa ƙasar Hausa a 1899. Su ne suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a ƙarshen watan Yuli, kuma a watan Satumba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Nuwamba wata runduna ta iso daga Aljeriya ta hanyar Agadas, ƙarƙashin Kumandan Lami. Daga Damagaram aka zarce tafkin Chadi, inda aka gwabza da Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, Rabe da Lami duka suka mutu a rana ɗaya.

Bayan haka bariki ya zama mazaunin sojojin da Faransa ke kira tirayer na Senegal. Sunan yana ruɗarwa. Gwamna Fedarb ne ya kafa rundunar a Senegal a 1857, amma daga baya ta cika da Bambara da Mosi da sauran ƙabilun Afirka ta Yamma, har da 'ya'yan ƙasarmu. Da ƙarfinsu aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa a 1906 bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi zaman dole a Kwaddibuwa. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin ƙasar, kafin a mayar da mulki Yamai. Da Kawsan ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas a Disamba 1916, daga Damagaram aka tura rundunar da ta ɓalle ƙawanyar a Maris 1917. Ramuwar da ta biyo baya ta ci rayukan mutanen gari, har da malamai.

To, ga hujjar masu yi musu uzuri, kuma ba ta da rauni. Da yawa cikin tirayer na farko bayi ne da Faransawa suka fansa daga hannun iyayengijinsu, da sharaɗin su yi shekaru suna aikin soja. Daga baya aka kawo ɗibar soja ta dole, musamman bayan dokar 1919: a ce wa hakimi ya kawo samari kaza, shi kuwa ya kan turo ɗan talaka da maraya da wanda ba shi da mai tsaya masa. Yaro an raba shi da ƙauyensu, an kai shi ƙasar da ba ya jin harshenta, kuma ya san hukuncin ƙin umarni bulala ce ko harsashi. Wane zaɓi ya rage masa? Bahaushe ma ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, balle wanda aka ɗura wa ladan a baki.

Sai dai akwai abin da ya faru a Yuli 1899 da ba ya barin wannan hujja ta tsaya ita kaɗai. Rundunar Vule da Shanwan ta ƙone garuruwa, ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Da labari ya kai Faris, aka turo Kanar Kulob ya karɓi ragamar rundunar. Vule ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, sannan ya shaida wa mutanensa cewa ya fita daga biyayyar Faransa, zai kafa daular kansa. Cikin kwana uku sojojin nan baƙaƙe suka juya wa shugabanninsu bindiga. Suka kashe Shanwan ranar 16, Vule ranar 17.

Ku dubi wannan da kyau. Mutanen da suka bi umarni a Ƙonni su ne suka ƙi umarni a Maijirgi. Ashe akwai inda biyayyarsu take tsayawa. Ta tsaya ne a ranar da suka ga tafiyar za ta raba su da albashinsu da hanyar komawa gida. Ba ta tsaya ranar da ake yanka mata da yara ba. Ban faɗi haka don in la'ance su ba, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na faɗa ne don ya nuna cewa ko a cikin tilas ɗan Adam yana da ɗan filin zaɓi, kuma a cikin wannan ɗan filin ne ake yi masa hisabi.

Ga inda na tsaya. Laifi yana da nauyi daban-daban. Wanda ya shirya yaƙin a ofis, da hafsan da ya ba da umarni, su ne ke ɗauke da kaya mafi nauyi. Wanda aka kamo da igiya kayansa ya fi sauƙi, amma hannunsa bai fita sarai ba. Malamanmu sun koya mana cewa biyayya ga shugaba tana ƙarewa a inda saɓon Allah ya fara, kuma tilas tana iya ba mutum sauƙi a abubuwa da yawa, ban da ɗaukar ran wanda bai ji ba bai gani ba, domin ranka bai fi nasa daraja ba. Kotun Nurambag da ta yi wa manyan 'yan Nazi shari'a a 1945 da 1946 ita ma a kusa da nan ta sauka: cewa an ba ni umarni ba ya wanke mutum, ko da yake yana iya rage masa hukunci.

Wani zai ce: kai da kake zaune gaban makirfo cikin sanyi, da sauƙi ka yanke wa mai tsaye gaban bindiga hukunci. Gaskiya ne, shi ya sa adalci ya ce mu faɗi ɗaya ɓangaren ma. Waɗannan sojoji sun zubar da jininsu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. A sansanin Caroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa ya buɗe wuta a kan tirayer da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu. Dokar 1959 kuma ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, suka yi shekaru suna karɓar abin da bai kai na takwarorinsu Faransawa ba. Wanda suka yi wa biyayya bai riƙe musu amana ba. Jikokinsu suna cikinmu, kamar yadda jikokin mutanen Ƙonni da Tirmini suke cikinmu, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Mun sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, barikoki suka koma hannun sojanmu, kuma a Disamba 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar. Tuta ta sake, amma tambayar tana nan. Yau yaranmu ne ke sanye da kaki, suna fafatawa da 'yan ta'adda a Difa da Tilaberi, kuma muna yi musu addu'a dare da rana. Ƙaunar da muke musu ita ce ta sa ya kamata a koya wa kowane kurtu tarihin barikin Damagaram duka, da Ƙonni da Maijirgi da Caroye, domin ya san tun yana filin horo cewa akwai umarnin da soja na gari ba ya bi. Haka ɗan sanda, haka ma'aikacin ofis, haka mu 'yan jarida idan aka miƙo mana takarda aka ce mu karanta abin da muka san ƙarya ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka mutu ta kowane ɓangare, ya ba mu ƙarfin zuciyar cewa a'a ranar da ta wajaba.