RAI NA ALLAH NE, JINYA TAMU CE



Likitoci sun daɗe suna lura da yawan ciwon ƙoda a garuruwan da ke bin kogin Haɗeja, har zuwa Nguru da Gashuwa a Jihar Yobe. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana bukatar wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama kimanin awa 4. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin daga naira 50,000 zuwa 12,000 a waɗansu asibitocinta, har da na Azare. Duk da haka, ga manomin shinkafa na Auyo ko masunci na Guri, akwai kuɗin mota da na magani da na ƙarin jini. A sayar da amfanin gona, a sayar da shanun huɗa, a jinginar da fadama. Ran da hannu ya ƙare, sai dangi su ce a mai da majinyaci gida. Daga nan zuciya takan shiga tuhumar kanta: shin mun kashe shi ke nan? Wannan tambaya ta cancanci amsa bayyananniya daga Ikkilisiya.

Da farko dai, mu san abin da Ikkilisiya ta haramta. Akwai abin da Turawa ke kira yutanasiya, wato kisan tausayi: a yi wa mara lafiya allura, ko a hana shi abin da ya wajaba a ba shi, da niyyar ya mutu don wahalarsa ta ƙare. Ƙasar Holan da Beljiyam sun halatta wannan a shekarar 2002, Kanada ta bi sahu a 2016. A Nijeriya kuwa laifi ne, sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a wasiƙarsa Evangelium Vitae, wato Bisharar Rai, ta 25 ga Maris 1995, ya koyar cewa kisan tausayi babban keta ne ga dokar Allah. Dalilin a fili yake. Allah ne ya halicci mutum cikin kamanninsa, shi ya ba da numfashi, shi kaɗai ke da ikon karɓarsa. Mu masu riƙon amana ne kawai. Doka ta biyar ba ta ware tsoho ko mai ciwon ajali ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun tsaya a kan cewa rai na Allah ne.

Na biyu, mu san abin da Ikkilisiya ba ta ɗora wa kowa ba. Tun a sanarwar Vatikan ta 1980 aka bambanta kulawa ta yau da kullum da magani mai tsananin nauyi. Idan magani ba ya ƙara wa majinyaci komai sai azaba, ko kuwa nauyinsa ya fi ƙarfin majinyaci da iyalinsa, ana iya barinsa bayan shawara da likita, da yardar majinyacin in yana cikin hayyacinsa. Wanda ya yi haka ya karɓi mutuwar da ba shi da ikon hanawa, niyyarsa ba kisa ba ce. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu da kansa, da ajali ya matso a 2005, ya zauna a ɗakinsa maimakon komawa asibiti, ya rasu ranar 2 ga Afrilu. Haka kuma tun 1957 Paparoma Piyus na 12 ya bayyana cewa halal ne a ba mai mutuwa maganin kashe zafi, ko da zai iya rage kwanakinsa, muddin sauƙin ciwo ake nufi. Saboda haka, iyalin da suka yi iyakar ƙoƙarinsu har ƙarfi ya ƙare, kada su ɗauki nauyin kisa a zuciyarsu.

Na uku, kuma nan ne hatsarinmu yake. A ƙasarmu ba allurar likita muke tsoro ba, sakaci muke tsoro. Ana iya mai da mutum gida, a kuma fitar da shi daga zuciya. A kwantar da shi a ɗakin baya, a rage leƙa shi, a daina juya shi har gyambo ya kama bayansa, ya riƙa jin ana lissafin kuɗin da ya ci ko ana raba gonarsa tun yana numfashi. Mutumin da ya ce gara ya mutu, sau da yawa abin da yake nufi shi ne ya ga ya zama kaya. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Abinci da ruwa, muddin jiki na karɓarsu, da wanka, da maganin zafi, da zama kusa da shi, waɗannan haƙƙinsa ne har numfashin ƙarshe. Wasiƙar Vatikan ta 2020, Samaritanus Bonus, ta tuna mana cewa ko ciwo ya gagari magani, majinyaci bai wuce kulawa ba. Basamariyen nan na Bisharar Luka bai tambayi ko mutumin zai rayu ba kafin ya ɗaure masa rauni.

To, me ya wajaba a kanmu? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace majami'a ta san majinyatanta da sunansu. Zumuntar Mata da matasa su raba kwanakin ziyara, domin mai jinya ita ma ta sami hutu. A ware wani abu daga baiko don kuɗin mota da magani. A kira Fada da wuri, tun majinyaci yana iya magana, ya yi ikirari, ya karɓi Jibi Mai Tsarki da Shafewar Marasa Lafiya. Wannan sakramenti ƙarfi ne ga mai rai. Mu da muke da lafiya kuwa, mu riƙa gwada hawan jini da sukari, gama su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, mu kuma bar shan ƙwayoyin kashe zafi barkatai. Mu ci gaba da roƙon hukuma ta kusanto da magani ga talaka, gama haƙƙin rayuwa ba na mai kuɗi kaɗai ba ne.

A gindin gicciye Maryamu ba ta iya sauke Ɗanta ba, amma ta tsaya har ƙarshe. Allah ya ba mu alherin tsayawa haka kusa da namu, ya ba majinyata sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.