Mas'alar Akuya Marar Ƙaho Da Haƙƙin Mai Saye

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mana bisashe, muna shan nononsu, muna cin namansu, muna rufa asirinmu da kuɗinsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa musulmi, wata mas'ala ce aka kawo mana a nan Dakoro, wadda da farko muka ɗauke ta ƙarama, amma da muka zauna a kanta sai muka tarar ta shafi ciniki, ta shafi layya, ta kuma shafi yadda mutum yake yanke hukunci a kan abin da idonsa ya gani.

Wata baiwar Allah ce mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Ta tara ɗan abin da ta samu a sana'ar man gyaɗa, ta aiki ƙanenta kasuwar bisashe ya sayo mata 'yar akuya domin kiwo, ta yi sharaɗi a samo marar ƙaho, saboda gidan yana da ƙunci ga kuma ƙananan yara, tana tsoron tunkuyi. Aka samo. Ta yi ta ɗawainiyar dusa da harawa har shekara ta zagayo, dabba ta girma ta yi kyau, amma ba ta taɓa neman barbara ba, sai ma ta shiga hawan sauran awaki tana wari irin na bunsuru. Da ma'aikacin kiwo ya duba ta, ya ce mata-maza ce, ba za ta haihu ba har abada. To, shin wannan mata tana da haƙƙi a kan wanda ya sayar? Shin shi kuma ya yi zunubi?

Hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin abin ne, saboda haka bari mu fara da ita akuyar. Awakin ƙasarmu, da jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, da dogayen awakin makiyaya na fadamar Tarka da Gadabeji, mafi yawansu masu ƙaho ne, maza da mata. Amma kowane ɗan akuya ana haihuwarsa ne babu ƙaho a bayyane. Ke nan idan mutum ya ga kai sumul, ɗayan abu uku ne: ko dai Allah ya halicce shi haka, ko ƙahon bai tsiro ba tukuna, ko kuwa wani ya ƙone tushensa da ƙarfe mai zafi tun yana ɗan kwanaki. Ukun nan sun yi kama a ido, alhali kuwa kama da wane ba wane ba ce.

Masu kiwo suna da alamomin rarrabewa. Wanda ƙaho zai fito masa, ana ganin gashi ya murɗe a gurabe biyu bisa kansa, idan aka danna da yatsa a ji ɗan tsini, fatar wurin kuma a manne take da ƙashi, ba ta zamewa. Na namiji yakan huda fata cikin kwanaki kaɗan, na mace yakan ɗan jinkirta. Wanda aka halitta babu ƙaho, gashin kansa a kwance yake, tudun da ake ji mulmulalle ne, fata tana zamewa a kansa. Wanda aka ƙona kuwa, tabo yana nan ƙarƙashin gashi, sau da yawa ma wani ɗan karkataccen ƙaho yakan tsiro daga baya. Akwai kuma shaidar iyaye: idan uwa da uba duk masu ƙaho ne, ɗansu mai ƙaho ne, domin rashin ƙaho gado ne mai rinjaye, ba ya ɓuya a jikin mai ɗauke da shi. Duk da haka, babu shaidar da ta fi haƙuri, domin makonni kaɗan sun isa su bayyana abin da yatsa ya kasa ji.

Sa'an nan ga wani abin mamaki daga hikimar Mahalicci. Tun a shekarar 1944 masana dabbobi suka lura cewa rashin ƙaho a awaki yana tafiya tare da haihuwar mata-maza, a shekarar 2001 kuma masu bincike a Faransa suka gano gurbin wannan gado a cikin ƙwayoyin halitta. Bayaninsa shi ne, idan aka haɗa bunsuru marar ƙaho da akuya mai ƙaho, kimanin rabin 'ya'yansu za su zo babu ƙaho, kuma lafiya lau. Amma idan uwa da uba duk marasa ƙaho ne, kimanin ɗaya cikin 4 na 'ya'yan zai gaji abin ta ɓangare biyu, kuma matan da ke cikin waɗannan su ne suke zama mata-maza, wato wajen ɗaya cikin 8 na dukkan haihuwa. Wata ana gane ta tun ranar haihuwa idan aka duba ƙarƙashin wutsiya, wata kuwa ba ta bayyana sai ta balaga. Wanda ya ce zai raba garkensa da ƙaho baki ɗaya, to ya buɗe wa rashin haihuwa ƙofa. Shi ƙahon ma ba don faɗa kaɗai aka yi shi ba, akwai jijiyoyin jini a cikinsa da suke taimakon dabba wajen rage zafin jiki, abin da ba ƙarami ba ne a bazarar ƙasarmu.

Yanzu mu koma ga fiƙihu. Rashin ƙaho shi kaɗai ba aibi ba ne. Wadda aka halitta haka, ita ce Larabawa suke kira jamma'u, kuma a mazhabar Imamu Malik tana isarwa a layya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halilu. Mai karyayyen ƙaho ma tana isarwa idan wurin ya warke, ba ta isarwa idan yana zubar da jini, kamar yadda Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 bayan hijira, ya bayyana a Risala. Mai ƙaho dai ya fi falala, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho. Game da ƙone tushen ƙaho, muna ganin a auna shi da dandaƙa, wadda aka halatta ga tumaki da awaki saboda maslaha: idan akwai bukata ta gaskiya, a yi shi da wuri, a hannun wanda ya iya, ba tare da azabtarwa ba. Abin da babu saɓani a kan haramcinsa shi ne a ƙone, a bar gashi ya rufe tabo, a ce wa mai saye halitta ce.

Asalin wannan babi sananne ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ciki alhali saman busasshe ne, ya tsawata wa mai shi, ya nesanta mai algus daga tafarkinsa. Ya kuma hana a ƙi tatsar dabba domin hantsarta ta cika a ruɗi mai saye, ya ba wanda aka yi wa haka zaɓin mayarwa tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. A lura, mai wannan dabara bai furta ƙarya da bakinsa ba, hantsa ya bari ta yi masa ƙaryar. Ke nan shiru a kan aibin da aka sani shi ma ha'inci ne, kuma kalmar nan da dillalai suke yawan faɗi, wai ido ne ma'auni, ba ta wanke kowa a gaban Allah.

A mas'alar wannan mata sai mu raba abu biyu: zunubi da haƙƙi. Zunubi yana rataye da sani. Mun kira mai sayarwar, ya yi rantsuwa cewa bai ga wata alama ba, ya amsa cewa uwa da uban dabbar duk marasa ƙaho ne, amma bai taɓa jin cewa hakan yana jawo wani abu ba. Ba mu da hujjar ƙaryata shi, saboda haka ba mu jingina masa ha'inci ba. Haƙƙi kuwa ba ya faɗuwa da rashin sani, domin aibin tsoho ne, yana tare da dabbar tun kafin ciniki, yana rage daraja, kuma ya rushe manufar da aka saye ta dominta. Sai dai malamanmu sun ce idan ƙaramar dabba ta girma a hannun mai saye, damar mayarwa ta wuce, abin da ya rage shi ne a ƙiyasta darajarta lafiyayya da darajarta da aibi a ranar ciniki, a mayar masa da gwargwadon bambancin daga kuɗinsa. Mu ba alƙalai ba ne, sulhu muka nema, kuma Allah ya sa aka dace: mutumin ya ba ta 'yar akuya mai ƙaho a madadin bambancin, ita kuma za ta sayar da waccan idan babbar salla ta gabato, tare da bayyana aibinta, domin mata-maza tana cikin abin da malaman mazhaba suka lissafa a masu isarwa a layya.

Ya 'yan'uwa, waccan rarrabewa ta uku ba ta tsaya ga awaki ba. A cikin mutane akwai wanda Allah ya halitta da taushin hali, akwai wanda bai cuci kowa ba domin bai sami iko ba tukuna, akwai kuma wanda tsoron hukuma ko kunyar idon jama'a ya danne shi, ranar da ya sami sarari sai karkataccen ƙahon ya tsiro. Wannan ba izini ba ne na munana zato, domin an umurce mu da mu ɗauki musulmi a kan zahirinsa, asirin zukata kuwa na Allah ne. Amma kyautata zato daban, ba da shaida daban. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ƙi karɓar yabon da wani ya yi wa wani, da ya gano bai yi maƙwabtaka da shi ba, bai yi tafiya da shi ba, kuɗi kuma bai taɓa haɗa su ba. Saboda haka wanda aka tambaya game da mai neman aure, ko wanda za a damƙa wa dukiyar marayu ko kuɗin masallaci, ya faɗi iyakar abin da ya jarraba, kada ya ce babu ƙaho alhali kan jariri ya shafa.

Mafi nauyi shi ne mu juya tambayar a kan kanmu. Talakan da yake zagin azzalumai, shin ya tabbata adalci ne ya hana shi zalunci, ko rashin hali? Yaya yake da matarsa, da almajirin da ke yi masa aiki, da jakin da yake ɗora wa kaya? A nan ne ake gane abin da zai yi ranar da ya sami sarauta. Annabi ya sanar da mu cewa ƙarfi na gaskiya yana ga wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Ke nan abin yabo ga ɗan Adam shi ne ya sami ikon cutarwa ya kame saboda Allah.

Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim, daga Abu Huraira, cewa ranar alƙiyama za a mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, har a rama wa dabba marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. Idan dabbar da ba a ɗora wa shari'a ba za a yi mata wannan hisabi, ina ga mai hankali? A kasuwa, sani shi ne ƙaho. Dillalin da ya shekara ashirin yana buɗe bakin awaki, a gabansa yaron da gwauruwa ta aiko ba shi da abin kare kansa. Tun farin 1973 da na 1984 mun ga yadda akuya guda take zama mafarin tashin gida bayan garke ya ƙare, domin ita ce take jure yunwa, take saurin haihuwa. Wanda ya cuci mace a kan akuyarta, nonon 'ya'yanta da kuɗin maganinsu ya taɓa.

Nasiharmu ga mai kiwo ita ce kada ya haɗa marar ƙaho da marar ƙaho. Mai saye domin kiwo ya shafa kai, ya duba ƙarƙashin wutsiya, ya tambayi iyaye, idan ya yi shakka ya nemi ma'aikacin kiwo, domin ba a cinikin biri a sama. Mai sayarwa da dillali su faɗi abin da suka sani ko ba a tambaye su ba, su kuma ce ba su sani ba a inda ba su sani ba, domin albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa. Wanda ya karanta wannan kuwa, uzurin rashin sani da muka karɓa daga wancan bawan Allah ya ƙare a gare shi.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana, ya sanya albarka a garkunanmu da kasuwanninmu, ya jiƙan magabatanmu. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.