Mai Laifi ko Majinyaci?

Wani dare ina gabatar da shirina, sai wani matashi ya bugo waya daga unguwarmu ta Nyanshegu. Ya ce, "Yaya, ranar da na fara cacar ƙwallo, sidi 2 na saka, ko tunani ban yi ba. Yanzu na san za a cinye ni, amma sai na buga, kuma ko na ci ba na jin daɗi. Ni mai laifi ne ko majinyaci?" Na kasa ba shi amsa.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun bambanta abu biyu. Garaje shi ne ka afka wa abu saboda daɗin da ka hango, ba ka duba ƙarshensa ba. Tilas kuwa shi ne ka riƙa maimaita abin da ka san yana cutar da kai, don kawai ƙuncin zuciya ya lafa. Da ana ganin ba su haɗa hanya ba. Daga baya aka gane cewa a jaraba garaje ne kan buɗe ƙofa, tilas ya kulle ta, kuma duka biyun gazawar birki ce. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a sahu ɗaya da ta ƙwaya. A nan Tamale ma mun ga mai babur ya fara shan tramadol don ya jure aiki, ya koma yana sha don kada jiki ya hana shi barci.

To, ina laifin yake? A ganina, sidi 2 na farko zaɓinsa ne, ba zan wanke shi ba. Amma ce masa "ka daina kawai" tamkar umartar direba ne ya taka birkin da ya tsinke. Alhakinsa bai faɗi ba, wuri ya sauya. Har yanzu yana iya faɗa wa mahaifiyarsa, ya damƙa wa yayansa asusun MoMo, ya ga likita a Asibitin Koyarwa na Tamale. A kan waɗannan ya kamata a tuhume shi.

Ni ma ban tsira ba. Da bakina na sha karanta tallan caca ana gab da wasa, daidai lokacin da garaje ya fi ƙarfi. In za a raba laifin yaron nan, a ajiye mini kasona.