Kwal na Gaske a Taragon Kwaikwayo

Masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo a Jamus da Amurka sukan bi ma'aunin HO, wato a rage kowane tsawo sau 87, kuma sukan yi wa taragon kaya lodi. Yadda ake lodin shi ne a yanka soso ko katako daidai cikin taragon, a daka kwal na gaske a tankaɗe, a manne shi bisa sama da gam, ta yadda ido zai ga tarago maƙare alhali ƙarƙashinsa ba kwal ba ne.

Tambayar da wannan ke tayarwa ita ce ko irin wannan lodi ƙarya ne. Aflatun, a kashi na 10 na littafinsa Jamhuriya, ya ƙasƙantar da mai kwaikwayo domin yana kama zahirin abu ya bar haƙiƙarsa, amma almajirinsa Aristo ya ga kwaikwayo ɗabi'a ce da ɗan Adam ke koyo da ita tun ƙuruciya. Ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi a nan, domin ƙarya ba ta tabbata sai da niyyar yaudara, kuma babu mai kallon da ake son ya zaci taragon zai kai kwal tashar lantarki. Hasali ma aikin yana tilasta wa mai shi lura da gaskiya: yadda kwal ke yin tudu a tsakiya, da yadda ake ɗaure gungumen katako da sarƙa don kada ya zame. Ta fuskar fiƙihu kuwa, jumhurun malamai sun halatta suranta abin da ba shi da rai, kuma tarago da kayansa suna cikin wannan rukuni.